Firjin Romi da Littafin Baba Minti

A Narayi, in ka ce kana neman gidan Filibus Didam, sai a yi ta kallon juna. Amma ka ce Baba Minti, ko mai tallan gyaɗa za ta nuna maka ƙofar, ta ƙara maka da cewa yanzun nan ya fita. Sunan ya fito ne daga wani ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya barin aljihun rigarsa. Duk abin da hannunsa ya taɓa a wurin aiki sai ya dubi agogo ya rubuta: ƙarfe kaza da minti kaza na kwance, ƙarfe kaza da minti kaza na ɗaure. Matarsa Martha takan ce ranar aurensu ma ta gan shi ya juya baya a ƙofar coci yana rubutu. Shi kuwa yakan ce sharri ne, sai da suka isa gida ya rubuta.

A kamfanin tarho ya koyo wannan hali, zamanin da magana ke bin waya a kan falwaya. Daga Zonkwa ya zo Kaduna yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, aka ba shi bel na hawa da tsani, aka haɗa shi da wani tsohon ma'aikaci mai tsananin tsiya. Abu biyu tsohon ya cusa masa a kai. Na farko, ka rubuta lokacin komai. Na biyu, aiki bai ƙare ba sai ka share wurin, ka rufe akwati, ka sa kwaɗo, ka ja shi sau biyu. Shekara ashirin da biyu Filibus ya yi yana hawa da sauka da waɗannan dokoki, har wayar hannu ta shigo gari, falwayoyin suka koma wurin liƙa fostar 'yan siyasa.

Bai zauna ba. Ya ɗaura eriyar talabijin, ya ɗaura kwanon tauraron ɗan'adam, ya koyi sola. Yana da shekara hamsin da biyar ya sayi tsohuwar kwamfuta ta hannu a Kakuri, ya koyi danna ta da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar gero. Da ita ya riƙa haɗa wa shaguna da coci-coci modem na intanet, har da wata masana'anta a Kudenda. Yanzu shekarunsa sittin da biyu, gwiwa ta fara yi masa gardama, amma yakan ce bai taɓa juya wa layi baya ya bar shi a mace ba.

Wannan maganar ce 'yarsa Damaris ta riƙe, ta kai shi inda ya kusa haɗiye ta.

Damaris nas ce, ita ke riƙe da wani ƙaramin asibitin unguwa a Romi. Shekara biyu tana rubuta takardu tana neman firjin ajiye allurar rigakafi, domin ba su da shi. Sau ɗaya a wata ake kawo musu allurar cikin kula mai ƙanƙara, matar da ta kuskure ranar sai ta goya jariri ta nemi keke zuwa wani wuri mai nisa, ko ta haƙura. Da yawa haƙura suke yi. A ƙarshe wata ƙungiya ta kawo firji mai aiki da hasken rana, tare da modem ɗan ƙarami mai ƙahonni biyu da sim ɗinsa. Sharaɗi biyu suka gindaya. Firjin zai riƙa aika musu labarin sanyinsa kowane minti biyar ta netwok ɗinsu na kansu, kuma sai jami'arsu ta ga saƙon yana shigowa awa ɗaya cur ba yankewa kafin ta sauke allura. Sannan modem ɗin ya kasance a kulle, inda hannu ba ya kai. In ɗaya ya gaza, motar da ta kawo allurar ita za ta ɗauki firjin ta kai wa asibiti na gaba a jerin masu jira.

Injiniyan ƙungiyar da zai haɗa kayan ya kwanta rashin lafiya. Aka ce wa Damaris ko ta nemo wanda ya iya kafin ranar Alhamis, ko a ɗaga ta zuwa zagaye na gaba, wanda ba wanda ya san ranarsa.

Ta ce musu, "Ina da mutum."

Batun kullewa kuwa tuni an gama shi. A bara ɓarayi sun yanke rodin taga sun kwashe batiran solar asibitin, saboda haka Filibus da kansa ya je Makera wurin amininsa Malam Shehu mai walda, wanda suka san juna tun Damaris tana rarrafe. Ya ce masa, "Ba na son keji irin na kaji da kake yi wa mitar wuta. Akwati nake so, wanda ko sauro ba zai shiga ba." Malam Shehu ya ji an taɓa masa sana'a. Ya ɗauko farantin ƙarfe mai kauri irin na ƙofar shagon gwal, ya haɗa akwati, ya ɓoye masa hinji daga ciki, ya kafe shi a bangon ɗakin magani, ya shafa masa koren fenti. Rami ɗaya kawai ya bari, na shigar wayoyi, shi ma ta cikin bango. Duk wanda ya shigo sai ya ƙwanƙwasa ya ce masha Allah.

Ranar Alhamis da safe, hadari na ta kai-komo ta gabas, Filibus ya iso da jakarsa. Malam Shehu ya riga shi zuwa da janareta da kayan walda, wai zai sake rodin tagar da aka yanke, amma kowa ya san akwatinsa ya zo gani ana yaba wa.

"Injiniya, ka zo da tabarau biyu ko ɗaya?" in ji Malam Shehu. "Na ji an ce rubutun yaran zamani ƙanana ne."

"Kai dai ka kula da yatsunka. Saura tara, ko?"

"Goma cif. Ƙirga."

Filibus ya rubuta tara da minti arba'in, ya buɗe akwati. Ya zura sim, ya ɗaura ƙahonnin biyu, ya haɗa wayar firji, ya haɗa kwamfutarsa. Damaris na tsaye a bayansa da takardar da ƙungiyar ta aiko. Ya yi mata bayani, ko da yake kansa yake kwantar wa hankali: wannan sim ɗin ba irin na wayarta ba ne, ba ya kira, ba ya kallon bidiyo. Hanya ɗaya ya sani, wadda ke zuwa ofishin ƙungiyar, kuma hanyar tana da ƙofa. Sai ka gaya wa modem sunan ƙofar, wanda masu abin ke ce wa APN, ka ba shi sunan mai shiga da kalmar sirri, in ba haka ba zai yi ta yawo a babban titi ba wanda ya san shi.

Ta karanta, yana dannawa da yatsa ɗaya. Ya goge sunan da modem ɗin ya zo da shi daga kamfani, ya sa nasu. Ya karanta mata harafi-harafi, ta ce daidai. Ya adana, ya kashe, ya kunna. Fitilar ta yi ja, ta koma ruwan lemo tana ƙiftawa, suka zuba mata ido, ana jin kukan wani jariri a ɗakin awo. Sai ta tsaya kore shar. Goma da minti ashirin.

Damaris ta kira jami'ar, wata Hajiya Sumayya, wadda ta taso daga Abuja da allurar a mota, da allon da take ganin firjin a cinyarta. Ta sa wayar kowa na ji.

"Na gan ku, Sista," in ji Hajiya Sumayya. "Digiri huɗu. Kai, Baba ya iya. Ku bar shi haka, ina da tsayawa ɗaya a Jere, sai ku gan ni."

Filibus ya naɗe wayar kwamfuta, ya share ɓurɓushin da ya zuba da tafin hannu, ya rufe ƙofar akwati, ya sa kwaɗo, ya ja sau biyu. Goma da talatin da bakwai. Ya fita gindin mangwaro inda Malam Shehu ke auna rodi, aka kawo musu kunun zaƙi, ya miƙe ƙafa kamar wanda ya gama noman shekara.

Bai kai rabin kofi ba Damaris ta fito da waya a hannu.

"Baba, ta ce mun ɓace."

Ya koma ciki da sauri, ya buɗe akwati. Fitila na ƙiftawa ruwan lemo. Kafin ya gama warware wayar kwamfuta ta koma kore da kanta. Ya dubi fitilar, ta dube shi. Ya shiga shafin modem, komai na nan yadda ya bar shi. Ya ce to, sim ne bai zauna daidai ba. Ya kashe, ya zare shi, ya goge da gefen hankici, ya hura ramin, ya mayar. Kore. Hajiya Sumayya ta ce sun dawo, amma fa lissafin awa ya koma farko. Ya ce ba komai, Hajiya, akwai lokaci. Ya rufe, ya kulle, ya ja sau biyu. Sha ɗaya da talatin da ɗaya.

Wannan karon bai koma ga kunu ba. Ya tsaya a baranda, inda mata ke zaune a benci da jarirai. Labari ya riga ya zaga unguwa cewa yau allura za ta zo ta zauna, wasu tun safe suka zo kama layin abin da bai iso ba. Wata ta ce, "Baba, an gama?" Ya ce saura kaɗan.

Sha biyu saura minti goma waya ta sake kuka.

"Sista, me ke faruwa ne? Kun sake ɗaukewa." Muryar Hajiya Sumayya ta ɗan sauya. "Na bar Jere. Ki gane, allurar nan a kula take, ba za ta kwana a ciki ba. In naku bai tsaya ba dole in wuce da ita da firjin, in kai inda aka riga aka shirya. Ba ni na kafa dokar ba."

"Na sani, Hajiya. Zai tsaya."

Filibus ya buɗe akwati a karo na uku. Ruwan lemo, sai kore, kamar mai jiran ya ga fuskarsa. Ya fara zargin wuta. Ya ciro mita ya auna batir, lafiya lau. Ya auna wayar wutar, lafiya lau, amma ya sauya ta da sabuwa don zuciyarsa ta huta. Ya ƙara ɗaure ƙahonnin. Sannan ya ja kujera ya zauna a gaban buɗaɗɗen akwatin, ya zuba wa fitilar ido, ya ce yau sai ya kama ta da hannu a cikin tukunya. Minti goma, kore. Ashirin, kore. Gumi na bin bayansa duk da iskar hadari. Malam Shehu ya leƙo ta taga.

"Injiniya, ko in kawo maka tabarma? Na ga kun shaƙu."

Da aka kai minti arba'in ba ko ƙiftawa, Hajiya Sumayya ta kira da kanta ta ce madalla, haka ake so, saura kaɗan awa ta cika. Filibus ya saki numfashi. Wayar wutar ce ashe. Ya miƙe, gwiwa ta yi ƙara, ya tattara kayansa, ya share, ya rufe, ya kulle, ya ja sau biyu. Sha biyu da arba'in da huɗu.

Ƙarfe ɗaya da minti biyar Damaris ta shigo ɗakin maganin ta rufe ƙofa a bayanta. Ta miƙa masa wayar.

"Baba, ku yi haƙuri," in ji Hajiya Sumayya. "Ya sake tafiya. Mun kusa Rijana. In hanya ta yi kyau kafin uku ina wurinku. Ku yi lissafi da kanku."

Ya yi lissafin. In bai tsaya ba kafin ƙarfe biyu, an gama.

Da aka gama wayar Damaris ta jingina da firjin. Tun tana ƙarama, in za ta yi kuka, hancinta ne ke fara motsi, ga shi yana motsi yanzu a fuskar mace mai 'ya'ya uku.

"Baba, da ka ce mini ba ka taɓa yin irin wannan ba."

"Na gaya miki modem modem ne."

"Shekara biyu, Baba. Ka ga matan can? Ni na ce su zo. Ni na ce wa mutanen nan ina da mutum. Da na yi shiru da aƙalla sunana na nan a jeri." Ta share ido da bayan hannu. "Sori. Ba haka nake nufi ba."

"Haka kike nufi. Ba laifi."

Ta fita. Ya tsaya shi kaɗai gaban koren akwatin, makulli a hannu, ya rasa abin da zai buɗe ya taɓa, don ya taɓa komai. A karo na farko ya ji a ransa cewa wataƙila zamani ya wuce shi da gaske, kuma a gaban 'yarsa ya zaɓi ya nuna masa. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, kamar yadda na wani ke tafiya ga carbi ko goro. Ya ciro littafi zai rubuta "ya sake yankewa", sai biro ya tsaya. Ƙarfe nawa ya yanke? Shi lokacin da aka kira ya sani, ba lokacin da layin ya mutu ba. Tsohon maigidansa da ya ga irin wannan rubutu da ya jefe shi da filaya.

Ya leƙa ƙofa. "Damaris! Kira mini Hajiya."

Da ta ɗauka ya ce, "Hajiya, allon nan naki yana nuna lokacin saƙon ƙarshe kafin kowace yankewa?"

"Yana nunawa, Baba."

"Karanta mini. A hankali, ni tsoho ne."

"Na farko, goma da talatin da biyar. Na arba'in bai zo ba."

Ya ɗora yatsa a littafi. Goma da talatin da bakwai, na kulle.

"Na biyu, sha ɗaya da rabi."

Sha ɗaya da talatin da ɗaya, na kulle.

"Na uku..."

"Sha biyu da arba'in," in ji Filibus.

"Yaya aka yi kuka sani?"

Filibus ya ɗaga kai ya dubi akwatin da ko sauro ba ya shiga. Ya karɓi wayar Damaris, ya ce wa Hajiya kada ta kashe, ta yi ta magana. Ya buɗe, ya ajiye wayar kusa da modem, muryar Hajiya na cewa "Halo, halo, Baba kuna ji na", ya tura ƙofar ya kara kunne a jikin ƙarfen. Shiru. Ya ƙirga ashirin ya buɗe. Kira ya katse, wayar na neman sabis.

"Ya Yesu," in ji Damaris a hankali.

Fitila ta koma kore. Ya rubuta ɗaya da talatin da takwas, a buɗe. Sannan ya ɗaga murya yadda bai ɗaga ba tun yana kan falwaya.

"Shehu!"

Malam Shehu ya shigo yana gyara hannun riga, ya idar da azahar ke nan. Filibus ya nuna masa akwatin.

"Ga ɓarawon."

"Wane ɓarawo?"

"Akwatinka. Ya hana ɓarawo, ya hana sauro, ya hana netwok. In na rufe, modem ya shiga kabari."

"A'a, Injiniya, tsaya. Wa ya zo har Makera ya ce ba ya son kejin kaji? Ina da shaidu, har mai shayi ya ji."

"Ni ne. Na amsa. Yanzu taga za ka yanka mini a ƙofar nan, daidai tsayin ƙahonnin."

Malam Shehu ya dafa akwatin kamar an ce za a yanka masa rago kafin Salla. "Taga? A wannan? Kwana huɗu na yi a kansa. Ku bar shi a buɗe mana, ni zan zauna in yi gadi har Hajiyar ta zo ta tafi."

"Kawu," in ji Damaris, "sai ta gan shi a kulle kuma yana magana. Duka biyun. In ba haka ba firjin ya tafi."

Ya dube ta, ya dubi hancin nan da ke motsi. Ya ja tsaki, ba don ita ba. "To ba a jikin bango ba. Girgizar giranda za ta kashe muku ɗan abin, ga tartsatsi ga magani. Riƙe mini ƙofar, Injiniya. Hinjin nan na yi shi ne don kada a cire, amma ni na san inda na bar masa lago."

Da ƙusa da guduma ya riƙa bugun sandar hinjin daga ƙasa, a hankali, kowane bugu Filibus na kallon fitila yana jin sa a haƙori. Ta sama ta fita. Ta ƙasa ta ƙi, fenti ya riƙe ta. Biyu saura biyar ta fita. Suka ɗauki ƙofar su biyu, tsofaffi biyu da nauyin da ya fi ƙarfin huɗu, suka wuce ta gaban matan da ke benci zuwa gindin mangwaro. Damaris ta tsaya gadin akwatin, ta hana kowa shiga ɗakin.

Filibus ya zana murabba'i da alli, tsawon tafin hannu biyu. Janareta ya ƙi tashi. Ja na farko, na biyu, na biyar, Malam Shehu na yi masa magana irin wadda ba a yi gaban mata, sannan ya tuna bai buɗe mai ba. Da ya tashi, giranda ta kama ihu, jarirai suka taya ta. Ƙarfen da aka yi ta yabo da kauri yanzu kaurinsa ya zama abin tsinewa. Gefe ɗaya ya ci minti tara.

Biyu da ashirin Damaris ta leƙo ta taga. "Ta wuce Kakau! Ta ce har yanzu muna nan!"

Sai ga yayyafi. Wata daga cikin matan ta miƙa wa maƙwabciyarta jariri, ta zo ta buɗe lema a kan janareta ba wanda ya roƙe ta. Wata ta kawo ta biyu ta riƙe a kan Malam Shehu. Gefe na uku, faifan giranda ya cinye, aka sauya. Gefe na huɗu, farantin ya faɗi ƙasa da ƙara. Malam Shehu ya yanko guntayen rodi biyu zai gicciya a tagar.

"Biyu kawai," in ji Filibus. "Kuma ka ba su tazara."

"Uku. Hannun yaro zai shiga."

"Biyu, Shehu."

"Wallahi in aka sace, a littafinka zan sa ka rubuta sunanka."

"Biyu da talatin da takwas!" Damaris ce daga taga. "Awa ta cika!"

Ba wanda ya yi murna, don ƙofa na ƙasa tana hayaƙi. Aka watsa mata ruwa ta yi tsuwa. Suna cikin mayar da sandar hinji ta biyu farar mota ta tsaya a ƙofar asibiti.

Hajiya Sumayya ba ta kai yadda muryarta ta sa Filibus ya zata ba, 'yar siririya ce, sa'ar Damaris, da gajiyar hanya a fuska. Ta gaishe su da ladabi, ta dubi firji, ta buɗe ta rufe, ta dubi allonta, ta dubi ƙofar akwatin da ƙonannen fenti a gefen sabuwar taga.

"Awa ɗaya da minti goma sha huɗu, ba yankewa," ta ce. "Saura in gan shi a kulle. Bismilla, Baba."

Sau dubu nawa Filibus ya rufe akwati a rayuwarsa, bai taɓa jin hannunsa ya yi nauyi irin na yau ba. Ya matso da modem gaba kaɗan, ya daidaita ƙahonnin a tsakanin rodin, suna fuskantar tagar ɗakin. Ya tura ƙofa. Ya sa kwaɗo. Ya ja sau ɗaya, ya ja na biyu. Uku saura minti huɗu. Yanzu aƙalla ana ganin fitilar ta tagar, kuma kore ce, amma ba ita ke yanke hukunci ba. Saƙo na gaba sai uku daidai.

Ruwa ya sauko sosai a kan kwano. Mata sun cika bakin ƙofa. Malam Shehu na motsa leɓe, Damaris ta haɗa hannu a ƙirji ta rufe ido, kowa na kiran Allah ta hanyar da ya saba. Filibus agogonsa yake kallo. Uku saura ɗaya. Uku. Allon bai motsa ba. Daƙiƙa goma, ashirin. Hajiya Sumayya ta ja yatsa a kan allon.

"Digiri huɗu," ta ce. "Bari mu ga na gaba."

Aka sake tsayuwar minti biyar, wadda Filibus ya ce daga baya ta fi shekarunsa ashirin da biyu a kan falwaya tsawo. Na uku da biyar ya shigo. Hajiya Sumayya ta juya ga direbanta.

"Jamilu, shigo da kulolin."

Guɗar da matan Romi suka yi ta tashi duk jaririn da giranda ta bari yana barci. Damaris ta zo ta kama hannun babanta da hannu biyu, ta sake shi, ta tafi neman takardar karɓar kaya, hancin na ta aikinsa.

Hajiya Sumayya ta nemi ganin littafin. Ta buɗe shafin ranar, ta ɗauki hotonsa, ta ce akwai wani asibiti da nasu ke yankewa wata biyu ke nan, su ma akwati aka yi musu mai kyau. Ko Baba zai iya zuwa ya duba?

"Sai dai da mai walda," in ji Filibus.

"Ni na daina," in ji Malam Shehu, yana shafa gefen tagar da babban yatsa. "Dubi yadda ta karkace. Gobe zan zo in gyara fentin. Kuma kada wanda ya ce ni na yi wannan."

Da yamma, ruwa ya tsagaita, Filibus ya isa Narayi da jiƙaƙƙen wando. Martha ta tambaye shi yaya aikin, ya ce lafiya, an ɗan samu jinkiri. Ta ce Damaris ta riga ta kira ta, ta ji irin jinkirin. Ya zauna ya buɗe littafi don ya cika shafin, domin a asibiti hannunsa bai yarda ya rubuta layin ƙarshe ba. Ya rubuta: uku saura huɗu, na kulle, layi na nan. Ya ɗan yi tunani, ya ƙara a ƙasa da ƙananan haruffa cewa daga yau, in an kulle, a tsaya minti goma kafin a je shan kunu.